Sarƙar Bakin Sudara

A shekarar da Rum da Kartaj suka ja daga a kan Bahar Rum, duk wani ƙaramin sarki mai ɗan tsibiri ko 'yar gaɓa sai da ya zaɓi wanda zai bi, wanda ya tsaya ruwan ido kuwa aka zaɓa masa. Sarki Adunibal na Sudara ya zaɓi Kartaj, don kakanninsa daga can suka fito, harshensu ɗaya, abin bautarsu ɗaya. Kartaj ta yi godiya, ta aiko masa da takobi mai kuben zinariya da alkawura masu daɗin ji, daga nan ba a sake jin ɗuriyarta ba. Rum kuwa ba ta aiko da gaisuwa ba, jiragen yaƙi arba'in ta aiko.

Sudara, ga wanda bai san ta ba, dutse ne a tsakiyar ruwa. Ba ta da gonar kirki, sai zaitun da awaki da masunta, duk ƙwayar alkamar da aka taɓa ci a birnin a jirgi ta zo. Rumawa suka yi mata zobe wata bakwai. A wata na uku aka cinye awaki, a na biyar aka gama da jakuna. A na bakwai kuwa, manyan gari da a da ke yatsina fuska in an kawo musu kifin jiya, su ne ke kankare gansakukar duwatsu suna dafawa. Har kukan mutuwa aka daina, don babu mai ƙarfin yin sa.

Abu ɗaya ya hana Rumawa shiga. Ko ta ina ka zagayo tsibirin, dutse ne tsaye kamar bango, ƙofa ɗaya ce tak, wani matsattsen mashigi wanda jirgi biyu ba sa wucewa a jere. Hasumiya a dama, hasumiya a hagu, a tsakaninsu sarƙar ƙarfe mai kaurin cinyar ƙato. In an sake ta, sai ta kwanta a ƙasan ruwa jirage su bi ta kanta. In an ɗaga ta, ko kwalekwale sai ya nemi izini. Mai riƙe da ita shi ne Sarkin Sarƙa Abdashman, wani gajeren dattijo mai faɗin ƙirji, marar yawan magana, wanda ya gaji sarautar daga ubansa, ya yi shekara talatin da ɗaya a bakin mashigin nan.

'Ya'yansa maza uku ne, teku ta ci biyu. Wanda ya rage masa shi ne Balyatan, magidanci, shugaban jirgi, wanda ya san hanyoyin ruwa kamar tsakar gidansu. Shi ne Sarki ya aika wata uku da suka wuce, ya sulale a kwalekwalen masunta ta tsakanin jiragen Rum, ya nufi Garmasa wurin sarkin da ke da tsohuwar amana da Sudara, don ya roƙo abinci da mayaƙa. Tun daga ranar, in Abdashman ya hau hasumiya mutane kan zaci jiragen abokan gaba yake ƙirgawa. Ina, yamma yake dubawa, hanyar Garmasa, yana jiran ɗansa.

Wata safiya aka wayi gari babu jirgin Rum ko ɗaya, teku fayau. Aka kwana uku a haka, ba wanda ya yarda ya leƙa waje. Ran na huɗu da hantsi sai tattabarun ɗakin tsafin Uwar Teku, abin bautar birnin, suka tashi gaba ɗaya suka nufi yamma. Ba a jima ba mai gadi ya hango jirage goma sha biyu tafe daga wannan wajen, kowanne da shuɗiyar tutar Garmasa. Gari ya ɗauka. Tsofaffin da suka yi mako ba su miƙe ba suka rarrafo bakin ganuwa. Jiragen suka tsaya nesa kaɗan da sarƙa, aka sauko da ƙaramin kwalekwale ɗauke da manzo.

Sarki ya sa aka buga tambari, majalisa ta taru. Waziri Bostar yana dama, mutumin da a da sai an taimaka masa yake tashi saboda ƙiba, yanzu fata ta yi masa yawa. Sarkin Yaƙi Germal yana hagu. Magajiyar Tsafi Arisha, tsohuwar da ke kula da ɗakin Uwar Teku, tana zaune a kan buzunta kusa da karaga. Ga Galadima, ga Magajin Rumbu wanda rumbunansa ko ɓera ya ƙaurace musu, ga Sarkin Kasuwa marar kasuwa. Abdashman ya zauna a inda ya saba, can kusa da ƙofa.

Manzon ya shigo, dogo ne, fes da shi, ya ce sunansa Filistu. Ya faɗi ya yi gaisuwa cikin harshen Sudara kamar ɗan gari.

"Gumaka su ja zamanin Sarki, zakin teku, mai birni da ƙofa ɗaya. Ubangijina Sarkin Garmasa yana gaishe ka gaisuwar ɗan'uwa. Ya ce in gaya maka yunwarka tasa ce. Rundunarsa ta tare Rumawa a can yamma ta fatattake su, shi ya sa kuka ga sun janye. Ga jirgi goma sha biyu maƙare da alkama a bakin ƙofarka. A sake mana sarƙa mu shigo."

Ya sa hannu a ƙirjin rigarsa ya fito da wani abu naɗe a jan ƙyalle. Da ya warware, duk majalisa ta miƙe tsaye.

To, sai na tsaya na faɗi abin da ya sa suka miƙe. A zamanin kakanni, da Sudara da Garmasa suka ƙulla amana, an sassaƙa tafin hannu da hauren giwa, aka tsaga shi biyu, kowane birni ya ajiye rabi a ɗakin tsafinsa. Hannun Amana ake kiransa. Aka yi rantsuwa da Uwar Teku cewa duk wanda ya zo da ɗaya rabin, shi da jiragensa da mutanensa, ba a tambayarsa, ba a bincikarsa, ba a tsare shi a ƙofa, sai ya shiga ya ci ya sha ya kwana uku kafin a ce masa me ke tafe da kai. Mutanen Sudara kan yi wasa da abubuwa da yawa, amma ban da wannan.

Magajiya ta aika aka ɗauko nasu rabin. Ta haɗa su da hannunta, suka zauna daram, ko gashi ba zai ratsa ba. Waziri ya fashe da kuka. Sarki ya runtse ido ya daɗe bai buɗe ba.

Daga can bakin ƙofa aka ji muryar Abdashman. "Ina ɗana?"

"Sarkin Sarƙa," in ji Waziri yana share hawaye, "a gaban Hannun Amana kake tambayar baƙo?"

Filistu ya yi murmushi ya ɗaga hannu. "Ku ƙyale shi, uba ne. Baba, ɗanka yana nan a jirgi na huɗu. Zazzaɓin hanya ne ya shaƙe masa murya, kuma ya rantse ba zai taka ƙasar Sudara ba sai tare da alkamar da ya roƙo. Ka haifi ɗa."

Aka fita da manzo zuwa zauren baƙi. Sai Abdashman ya matso tsakiyar fada ya durƙusa, ko da yake bai saba magana mai tsawo ba.

"Ranka ya daɗe, ni ban san tsafi ba, ban san shawara ba, jirgi kaɗai na sani. Shekara talatin da ɗaya ina kallon mutanen Garmasa suna shiga mashigin nan. Da sarewa suke tuƙi, sandunansu na shiga ruwa a kwance, ko fantsama babu. Waɗannan da guduma ake buga musu, suna saran ruwa kamar masu faskare. Tuƙin wanda ya koya da girma ne, tuƙin Rumawa. Sa'annan jirgin alkama nauyinsa a kwance yake, ba ya motsi. Uku na gaba alkama ce, na yarda, ga tattabarunmu can sun rufe su. Tara na baya kuwa ko tsuntsu ɗaya bai sauka a kansu ba, kuma suna rangaji alhali ruwa a kwance yake. Abin da ke cikinsu yana da ƙafafu, ranka ya daɗe."

Waziri ya gyara zama.

"Zaki, ka dai ji. Mutum ɗari muke binnewa kowace rana. Abinci ya zo har bakin ƙofa, ga hannun kakanninmu ya haɗu a gaban idonmu, sai mu kore shi saboda an canza makaɗi? In Sarkin Garmasa ya rasa matuƙa a yaƙi ya ɗebo manoma ya zuba a jirage, laifi ya yi? Sarkin Sarƙa ya tsufa a kan hasumiya, rana ta dafa masa kai. Kuma ina mamakin uban da ɗansa ke bakin ƙofa yana cewa kada a buɗe."

Wannan maganar ta ƙarshe ta soki Abdashman.

Magajiya ta ɗaga kai. "Tattabarun Uwar Teku sun tafi taryen baƙi tun kafin idon mutum ya gan su, wannan alama ce. Hannu kuma ya haɗu. Ni ban san tuƙi ba, Sarkin Sarƙa, amma na san rantsuwa. Ba a ce in mai hannu ya iya tuƙi ba. An ce duk wanda ya zo da shi. Birnin da ya binciki baƙon amana, Uwar Teku ta juya masa baya, to wa ya rage mana in ba ita ba?"

Abdashman ya so ya ce tattabaru yunwa suke ji kamar kowa, ƙanshin hatsi suka bi. Ya haɗiye.

Sarkin Yaƙi Germal, wanda tun ɗazu yake murza gemu, ya ce, "Ranka ya daɗe, bincike haramun ne, na ji. Rakiya fa? Al'ada ba ta hana a raka baƙo zuwa jirginsa ba. A bar Sarkin Sarƙa ya mai da manzo da kansa, ya ga ɗansa, hankalinsa ya kwanta."

Sarki Adunibal ya dubi Magajiya, ta gyaɗa kai. Shi kansa Sarkin a makon nan ya binne 'yarsa, idanunsa sun faɗa ciki. Ya ce, "Je ka, Abdashman. Kada ka hau jirgi, kada ka yi tambaya. Rana tsaka za a saki sarƙa."

Abdashman ya ɗauki manzo a kwalekwalensa, matuƙa huɗu na ja. Suka wuce jirgi na fari, ƙanshin alkama ya bugi hancinsa. Na biyu haka, na uku haka. Na huɗu kuwa ƙato ne, mai tsayin gefe, an lulluɓe gabansa da fatu. Ba ƙanshin hatsi a nan, warin zufa ne da na man da ake shafa wa makamai.

Ga Balyatan tsaye a jikin jigon jirgi, wato gungumen nan da ke kafe a tsakiya, an yafa masa doguwar riga har ƙasa, mutum biyu na tsaye a gefensa. Ya rame, gemu ya cika masa fuska. Allah sarki.

"Balyatan," dattijo ya kira. "Ni ne."

Balyatan, wanda tun yana yaro bai taɓa ganin ubansa bai sunkuya ba, bai sunkuya ba, bai kuma ɗaga hannu ba. Ya dai zuba wa uban ido. Iska ta ɗan ɗage gefen rigar, Abdashman ya ga igiya ta zagaye shi daga ƙugu zuwa gwiwa, an ɗaure shi tam da jigon. Sai Balyatan ya girgiza kai, sau ɗaya, a hankali.

Filistu yana kama igiyar hawa ya sunkuyo kusa da kunnen dattijo, murmushin nan bai bar fuskarsa ba. "Ka gani da idonka, Baba, ya fi. Garmasa ta faɗi tun wata biyu, a ɗakin tsafinta muka samo hannun. Ka koma ka faɗa in ka ga dama, mutanenka ba za su ji ka ba, na ga fuskokinsu. Ka saki sarƙa ka bar ta a kwance, yau ɗanka zai kwana a gidanka, kai kuma ka ci gaba da sarautarka a ƙarƙashin Rum. In sarƙa ta motsa, shi zai fara sani."

Abdashman ya sa aka juya kwalekwale.

Kafin ya isa fada, jama'a sun cika dandali maƙil, mata da ƙwarya a hannu, maza da buhu, ana ta kiran a buɗe. Da ƙyar dogarai suka kutsa da shi. Ya faɗi gaban Sarki ya faɗi abin da ya gani da abin da ya ji, bai rage komai ba.

Waziri ya ce, "Wa ya ji wannan magana ban da kai?"

"A kunne ya faɗa mini."

"A kunne. Igiyar fa, matuƙanka sun gani?"

"Bayansu suka ba jirgin, suna tuƙi."

Waziri ya buɗe hannuwa ya dubi majalisa. Magajiya ta ce marar lafiya a jirgi ai akan ɗaure shi don kada ya faɗi. Hayaniyar waje ta ƙaru, har an fara dukan ƙofar fada da duwatsu.

Sarki ya daɗe yana kallon Abdashman. Sa'annan ya ce, "Ban taɓa kama ka da ƙarya ba, Sarkin Sarƙa. Amma in na ƙi buɗewa a kan maganar mutum ɗaya, na karya rantsuwar kakannina, kuma mutanen can za su buɗe da kansu bayan sun taka gawata. In ka yi gaskiya na kuma buɗe, mun mutu yau. In na bi ka, mun mutu cikin mako. Na zaɓi inda akwai alkama. Za ka saki sarƙa, ko in ba Waziri hasumiya?"

Nan Abdashman ya yi tunani da sauri. In Waziri ya hau hasumiya, sarƙa za ta kwanta, ba kuwa mai sake ɗaga ta. Ya sunkuyar da kai. "Ni zan sake ta, ranka ya daɗe. Aikina ne."

A soron waje Sarkin Yaƙi Germal ya riƙo masa hannun riga. "Me za ka yi, dattijo?"

"Zan bar huɗu su shiga, uku na alkama da na ɗana. Na huɗu na tsallakewa zan ɗaga a bayansa. Takwas su tsaya a waje. Kai kuma ka san yadda za ka yi da jirgi ɗaya."

Germal ya ce, "In ka yi kuskure, kanmu biyu za a rataye a hasumiyarka. Amma al'ada ba ta hana a tarbi baƙo da dakaru don girmamawa ba. Zan jera mutum ɗari uku a bakin tashar jirage, maharba a kan rufin rumbuna. Da jirgin ya shigo, ni da kaina zan yanke igiyar ɗanka."

Wannan alkawari shi Abdashman ya riƙe ya hau hasumiya da shi. A cikinta akwai wani ƙaton gungume a tsaye mai hannuwa takwas, mutum arba'in ke tura shi suna zagayawa, sarƙa na naɗewa a jikinsa. Mutanen nan arba'in yunwa ta cinye su, haƙarƙarinsu duk a waje, amma shi ya raine su a aikin, ba su taɓa yi masa musu ba. Ya ce musu kada kowa ya saki hannunsa bayan an sauke, su tsaya a shirye.

Rana ta take tsaka, aka busa ƙaho daga fada. Sarƙa ta yi ƙara ta nutse. Jirgi na fari ya shigo, gari ya ɓarke da guɗa. Na biyu ya biyo, na uku ya biyo. Abdashman yana tsaye a tagar hasumiya, ya dafe dutse da hannu biyu, yana kallon na huɗu yana matsowa, gudumar nan na bugawa. Goshin jirgin ya shiga mashigi. Ya hango kan ɗansa. Tsawon jirgi ɗaya kawai yake roƙo, ya wuce, shi ke nan.

Sai guduma ta yi shiru. Sandunan tuƙi suka kafe a ruwa gaba ɗaya, aka jefa anga, ƙarfen tsai da jirgi, gaba da baya. Jirgin ya tsaya cak a kan sarƙa, daidai ƙarƙashin hasumiya.

Ashe Rumawa ba yara ba ne, sun san abin da uba zai ƙulla. Aka yaye fatun gaban jirgi, sai ga wata doguwar gada ta katako mai ƙugiyar ƙarfe a baki, tsaye kamar wuyan raƙumi. Suka sake ta, ta faɗo a kan matakalar hasumiya, ƙugiyar ta cije dutse. Daga cikin jirgi mayaƙa suka dinga ɓullowa da sulke da garkuwa, suna tururuwa zuwa gefen da gadar take. A baya kuma jirage takwas sun taho a guje, sun jefar da shuɗiyar tuta.

Guɗar gari ta koma kururuwa. Germal da dakarunsa suna can cikin tasha, ruwa ya raba su da jirgin, kibiyoyinsu ba sa kaiwa. Matakala sittin ce tsakanin gada da ɗakin gungume, kuma na farkon Rumawa ya riga ya taka ta biyar. In suka kama ɗakin nan, Sudara ta ƙare, da matanta da 'ya'yanta da masu ƙwarya a hannu.

Babban matura gungume ya ɗago kai. "Sarkin Sarƙa, me za mu yi?"

Abdashman bai ji shi ba. Ɗansa yake kallo. Masu tsaronsa sun bar shi sun bi sahu, yana nan shi kaɗai a jikin jigo, ya ɗaga kai yana neman tagar da ya san ubansa na tsayawa. Suka haɗa ido. Bakin Balyatan na motsi, amma hayaniya ta hana a ji. Dattijo ya ji kamar a ce ƙasa ta tsage ya shige. Ya san nauyin jirgin nan, ya san duk mutanensa sun taru a gefe ɗaya, ya san abin da sarƙa za ta yi masa in ta taso daga ƙasa. Ya kuma san wanda aka ɗaure ba ya iyo.

Babban matura ya sake kira, "Sarkin Sarƙa, sun kai rabin matakala."

Abdashman ya juyo daga tagar. Bai iya ba da umarnin da baki ba. Ya je ya kama hannun gungume da kansa, ya sa ƙirji ya tura. Mutum arba'in suka tura tare da shi.

Da fari gungume ya ƙi motsi. Suka kafa ƙafa, jijiyoyin wuya suka tashi, wani ya yanke jiki ya faɗi aka tsallake shi. Sai ya motsa taki ɗaya, ya ƙara wani. Sarƙa ta taso ta ci gindin jirgi, katako ya yi wata irin ƙara da aka ji har fada. Abdashman yana turawa yana kuka, bai ɓoye ba, bai kuma tsaya ba. Jirgin ya karkata wajen gada, mayaƙa suka zube kan juna, gadar ta tsinke da waɗanda ke kanta. Ya ƙara karkata, ruwa ya shiga ta ramukan tuƙi, sa'annan ya kife gaba ɗaya, jigonsa ya nufi ƙasa. Masu sulke suka nutse kamar duwatsu.

Jirgi na biyar ya taho da gudun da ba ya tsayuwa, ya daki gawar na huɗu ya fashe. Na shida ya hau na biyar. Mashigi ya toshe. Daga hasumiya biyu aka dinga sako duwatsu da tukwanen wuta a kan waɗanda suka cushe, sauran suka ja da baya da ƙyar. 'Yan Rumawan da suka riga suka hau matakala, matura gungume suka gama da su da sanduna. A cikin tasha kuwa Germal ya kama jiragen alkama uku, masu tsaronsu suka zubar da makamai. Kafin la'asar jiragen Rum da suka tsira sun ɓace a yamma, ana ta sauke buhuna a bakin tasha, hayaƙin girki ya tashi a Sudara karo na farko cikin watanni.

Abdashman bai ga ko ɗaya daga wannan ba. Tun da jirgin ya kife ya sauka bakin ruwa, ya tuɓe riga zai faɗa, mutanensa suka rirriƙe shi. Masu nutso huɗu suka shiga a madadinsa. Sau uku suna fitowa hannu wofi, don igiyar ta jiƙe ta ƙi yankuwa. A na huɗu suka fito da Balyatan. Suka shimfiɗe shi a kan dutse tsirara, ruwa ya tafi da rigar da aka yafa masa, shatar igiya ta yi baƙi a jikinsa. Uban ya zauna ya ɗora kan a cinyarsa, yana cire masa ciyawar ruwa daga gemu.

A haka Waziri Bostar ya same shi, tafe da dogarai da masu algaita, wani bafade na biye da shi ɗauke da alkyabba ta jan alharini mai surfanin zinariya. Da Waziri ya ga abin da ke kan dutse, ya ɗaga hannu algaita ta yi shiru. Ya yi ta maza ya isar da saƙo.

"Sarki ya ce a gaishe ka. Ya ce kai ka yi gaskiya, mu muka yi kuskure. Daga yau kai ne Sarkin Ruwan Sudara, kujerarka tana damansa, sama da tawa. Ga alkyabbarsa ta kansa, ya ce ka sa ka zo, majalisa na tsaye tana jiranka."

Abdashman ya miƙa hannu ya karɓa. Ya warware ta, ya duba tsawonta, ya shimfiɗa a kan dutse. Sa'annan ya ɗaga ɗansa a hankali ya kwantar a kai, ya naɗe shi tun daga ƙafa har ka.

"Ka gaya wa Sarki na gode," ya ce. "Ta yi masa daidai."